Mabruka Ba Ta Biyan Kuɗin Kwana

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau da bakina zan tona wa kaina asiri. Na yi wa mahaifina wayo da taswirar waya, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan ban gama gane wanda ya yi wa wani wayo ba tsakanina da shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Siham, malamar aji uku ce ni a Meknes. Shekarata ashirin da bakwai, adadin da Gwaggo Zubida, yayar Baba, ke furtawa kamar sunan wata cuta. Babana, Si Larbi (Si ɗin nan kamar a ce Malam ne), shekara talatin da huɗu ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa, yana damƙe masu hawa kyauta. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki a hannun wani Bature da ya gaji da yawo. Tana da gado biyu, da murhun gas, da 'yar firji, da banɗakin da sai ka shiga da baya, ya raɗa mata suna Mabruka. Tun ranar ya ɗaura aniyar ba zai taɓa biyan kuɗin kwana a sansanin matafiya ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana farautar 'yan kyauta, yau shi ne sarkinsu.

Duk sanda muka wuce ƙofar wani sansani sai ya rage gudu ya karanta allon farashi, ya girgiza kai.

"Dirhami ɗari da ashirin," ya ce da Mama. "Me suke sayarwa? Wuta, ruwa, da tsaro. Wuta ga rana nan Allah ya ba mu. Ruwa akwai famfo a kowane gidan mai. Tsaro kuwa mutane ne, Kenza, ba katanga ba."

"Ruwan zafi fa?" in ji Mama.

"Akwai gidan wanka a kowane gari."

"Ni dai na auri maƙo. Allah ya ba ni ladan haƙuri."

"Tattali ake cewa, 'yar masu kuɗi."

Dabararsa tana ƙarƙashin gadona, cikin kwali: curin sukari mai tsini, nannaɗe da shuɗiyar takarda. A wajenmu sukari ne ke buɗe kowace ƙofa, ko suna ne, ko ta'aziyya, ko barka da dawowa daga Makka, ko neman aure. Na neman aure kuwa, in uban yarinya ya fasa curin ya jefa a butar shayi, magana ta zauna. In ya mayar da shi cikin takardarsa, kowa ya kama gabansa. To Baba ya ƙara wa sukari aiki na biyar. Da la'asar ta yi sai ya fara waige-waige, yana neman gida mai itace a ƙofa da fili a miƙe. In ya samu, ya zura jallabiyarsa ruwan toka, ya sa takalminsa rawaya, ya rungumi curi ɗaya ya je ya yi sallama. Kafin minti goma mun samu wurin kwana, da gurasa mai zafi, wani lokacin har da ƙwai. Yana da dokokinsa: ba ma wuce kwana biyu a ƙofar mutum, ba ma zubar da ruwan wanke-wanke a ƙasar mutane, kuma kafin mu tafi sai ya nemo wani abu da ya lalace a gidan ya gyara, ko da mai gidan bai san ya lalace ba.

Wutar nan da yake taƙama da ita, wani ne ya ɗora farantinta a rufin Mabruka wata takwas da suka wuce. Sunansa Anir. Yana da ɗan shagon haɗa sola a bayan kasuwar unguwarmu. Mutumin kudu ne, dogo, siriri, ba shi da yawan magana, in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Kwana biyu ya yi yana aiki a ƙofar gidanmu. Ni na riƙe masa tsani, ni na kai masa shayi, ni na karɓi lambarsa saboda ko batir zai ba da matsala. Batirin nan har yau ko tari bai yi ba, amma ba a yi rana ɗaya ban yi magana da mai gyaransa ba. Ina son sa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba.

Gwaggo Zubida kuma tana da nata ɗan takarar, Si Abdelhak mai kantin magani, mai gidan sama da mota. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai duk hirarsa a kan farashin maganin hawan jini take ƙarewa. Ba wanda ya ce dole, amma kullum sai saƙon muryarta ya shigo, minti bakwai, minti tara. Ranar da za mu taso wannan tafiya ta hutun makaranta, Baba ya ce da ni, "In mun dawo ki ba gwaggonki amsa, ko e ko a'a, na gaji da kukan wayarta. Ni dai abu ɗaya na sani, ba na ba da 'yata ga mutanen da ban taɓa cin gurasarsu ba."

Wannan magana na riƙe. Gurasar gidan su Si Abdelhak ya ci har ya ƙoshi, Gwaggo ta tabbatar da haka. Ta gidan su Anir kuwa tana can cikin duwatsu bayan Tiznit, kilomita arba'in daga hanyar bakin teku da muke bi. Anir yana gida hutu, ni kuma ni ke riƙe da taswira.

Rana ta tara, muna shan shayin safe a bayan wani gidan mai a Agadir, na rubuta wa Anir:

"Yau da la'asar. Ka share fili?"

"Na share har sau biyu. Na ɗauke jakin Baba na kai bayan gida."

"Famfo fa?"

"Na jawo tiyo na ajiye inda za a gani daga hanya. Siham, in ya wuce gidanmu ya zaɓi na maƙwabta fa?"

"Sai in auri ɗan maƙwabta."

"Shekararsa sittin."

"To ka ƙara share filin."

Ya ce duk gidan an sanar da su su yi kamar ba su san komai ba, ban da kakarsa, Kaka Ijja, domin magana ba ta kwana a cikinta.

Da muka wuce Tiznit na gyara murya. "Baba, waya ta ce akwai cunkoso a hanyar teku. Gara mu bi ta hagu."

"Cunkoso," ya ce. "A hanyar Mirleft. Ranar Talata."

"Haka dai waya ta ce."

Ya dube ni ta madubi, kallon da yake yi wa fasinja mai laluben aljihu. Sai kawai ya kunna sigina ya karya hagu. Na shige baya na ja labule, na ciro koriyar jallabiyata mai aikin zare ruwan madara da na ɓoye ƙarƙashin katifa tun Meknes, na ɗaura ɗankwali ruwan zuma, na ɗan zizara kwalli. Mama ta leƙo ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Duk wannan kwalliya don duwatsu?"

"Sauran kayana sun yi datti."

"Jiya na wanke su," ta ce, ta saki labulen. Na ji tana dariya ƙasa-ƙasa.

Gidan yana nan kamar yadda na gani a hoto sau ɗari: ginin jar ƙasa, shuɗiyar ƙofa, katon itacen ɓaure, da fili a share fes har ana ganin sawun tsintsiya. Tiyo kuwa an naɗe shi a tsakiyar fili kamar kayan talla. Na runtse ido ina addu'a. Mabruka ta wuce gidan da kusan taku ashirin, sai na ji Baba ya taka birki ya sa ribas.

"Wannan gida na masu tsabta ne," ya ce. "Miƙo sukari."

Alhaji Mbarek, mahaifin Anir, shi ya fito, gajere mai farin gemu, ya karɓi sukari hannu biyu yana marhabin. Can sai ga Anir a bayansa, sanye da sabuwar riga da ko karin gugar bai fita ba, yana ta zufa.

"Ikon Allah," in ji Baba, fuskarsa ko gezau. "Mai sola. Kai ne a nan?"

"Ni ne, Baba. Nan ne gidanmu. Abin mamaki."

"Ƙwarai, abin mamaki."

Ni dai na ƙura wa tayar mota ido kamar ban taɓa ganin taya ba.

Jama'a, yinin nan ba zan manta da shi ba. Aka shimfiɗa darduma ƙarƙashin ɓaure, aka fito da gurasa daga tanda, da zuma, da man ƙwallon itacen argan, da tajin, wato farfesunmu na tukunyar ƙasa, na naman akuya da ya dahu har yana rabuwa da ƙashi. Na zuba ido sai da na ga Baba ya gutsuri gurasar nan ya kai baki, na ce a raina, to, sharaɗi ya cika. Abin da ban zata ba shi ne Baba zai gamu da wanda ya fi shi. Alhaji Mbarek shekara arba'in ya yi yana tsaron kanti a Kazablanka, kuma da ruwan alwalarsa yake ban ruwan ɓauren nan.

"Ni ganyen shayi sau biyu nake dafa shi," in ji Baba da alfahari.

"Sau biyu kawai?" Alhaji ya ce cikin tausayi. "Na ukun ai shi ne mai daɗin. Bayan nan ka zuba wa na'ana'a, taki ne."

Baba ya ajiye kofi ya dube shi da girmamawar da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Kafin magariba sun zagaye Mabruka sau uku, Baba yana nuna masa tankin ruwa, Alhaji yana ba shi sunayen mutanensa a garuruwa huɗu da zai iya kwana a ƙofarsu. Mama da mahaifiyar Anir suna kicin suna ta ƙyaƙyata dariya kamar sun shekara da sanin juna. Anir kuma ya hau rufin mota wai yana duba farantin sola, aka rasa mai riƙe tsani sai ni.

"Lafiyarsa lau," ya ce ƙasa-ƙasa daga sama.

"To sauko."

"Bari in ƙara dubawa. Koren nan ya yi miki kyau."

"Ka kula da aikinka, malam, kar ka faɗo mini a ka."

Bakina har kunne, na rasa inda zan sa farin cikina. Shirinmu shi ne washegari bayan azahar Alhaji ya ja Baba gefe ya buɗe masa maganar a hankali.

Kaka Ijja ce ta riga kowa. Da safe muna karyawa sai ga ta ta fito da sandarta, lulluɓe da baƙin mayafi mai jan aiki a baki. Jiya ba ta fito ba, an ce ƙafa ke damunta, amma ina zargin ɓoye ta aka yi. Ta gaisa da Baba, ta gaisa da Mama, ta zo kaina ta tsaya. Ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu.

"Ai na san wannan," ta ce. "Ita ce a fuskar wayar jikana. Kullum sai ya zauna yana yi mata murmushi kamar wani taɓaɓɓe."

"Kaka," in ji Anir da wata irin murya.

"Yi mini shiru. A fili ta fi kyau, wayar ta rage mata hanci." Ta zare awarwaron azurfa mai kauri daga hannunta ta zura mini. "Na uwata ne. Na gaji da jira, ni ba yarinya ba ce."

Alhaji Mbarek ya hau gyaran hularsa. Mahaifiyar Anir ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi ƙoƙarin cire awarwaron, tsohuwar ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Baba ya shanye shayinsa har ƙasa, ya kife kofin a faranti, ya miƙe.

"Alhaji, mun gode da karamci, Allah ya saka da alheri. Kenza, Siham, ku tattara kaya."

"Si Larbi, ai kwana biyu muka yi da kai," in ji Alhaji. "Ka zauna mu yi magana."

"Ba a nan ba."

Ya naɗe rumfar mota da kansa. Ya ɗauko sifana ya ɗaure famfon ƙofar gidan da ke ɗiga, don ko a wane hali ba ya karya dokarsa. Anir ya matso zai taya shi, Baba ya ce, "Bar shi, na iya." Cikin minti goma sha biyar muna kan hanya, ina hango Anir ta tagar baya yana tsaye a filin da ya share sau biyu.

Na kwanta a gadona na juya wa kowa baya, hawaye na bin kunnena. Tsoro nake ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa. Na yi wa mahaifina ƙarya, na mai da shi abin kallo a gaban mutane, kowa ya san zancen sai shi. Wayata sai haske take yi.

"Siham, ki yafe mini. Ban san ta gane hoton ba."

"Me ya ce?"

"Ki ce wani abu don Allah."

"Babana yana son lambarsa."

Na rubuta, "Bai ce komai ba. Ko rediyo bai kunna ba." Sai ga saƙon Gwaggo Zubida ya faɗo a kai, minti takwas da daƙiƙa goma. Ban buɗe ba. Na riga na ga kaina a falon Si Abdelhak ina sauraron farashin magani har tsufana.

Muka sauko daga duwatsu, teku ta bayyana. Muka wuce wani fili a kan tudu inda motoci irin tamu ke kwana a ba mai gadi dirhami ashirin. Muka wuce gida mai itacen zaitun da fili a miƙe, Baba ko waiwaye bai yi ba. Can na ji motar ta rage gudu ta hau kan tsakuwa, na ɗaga labule. Farar katanga ce da furanni, da ƙofar ƙarfe, da allon farashi. Sansani ne.

"Larbi," in ji Mama a hankali, "ka yi ɓatan hanya ne?"

Baba ya tsayar da motar. Ya sauka ya nufi ɗakin mai karɓar kuɗi, muna kallonsa ta gilashi. Ya ciro walat ɗinsa, wadda robar ɗaure kuɗi ke riƙe da ita tun ina firamare, ya ƙirga takardu ya miƙa. Mama ta dafe ƙirji ta ce, "Siham, babanki ba shi da lafiya."

Ya dawo ya kai Mabruka fili mai lamba sha huɗu, mai kallon teku, ya kashe inji. Ya buɗe rumfa, ya fito da kujeru uku, ya nuna mini ɗaya. Na zauna a bakin kujerar ina jan hannun riga in rufe awarwaron.

"Kilomita tamanin da uku," ya ce. "Zuwa da dawowa. Ni da na san kowane ɗigon man da motar nan ke sha, ni za a ce wa cunkoso ranar Talata?"

"Baba, ka yi haƙuri, na..."

"Ban gama ba. Ke da ko ƙwan fitila ba ki taɓa canjawa ba, kika riƙe tsani awa biyu a rana. Tun ranar na sani. Na je na tambayi maƙwabtan shagonsa, na tambayi limamin masallacinsu. Saura in ga gidansu, ina ta tunanin yadda zan yi ba tare da na zubar da girmana ba, sai ga ki da cunkosonki. Gida kuma da tiyo a tsakar fili. Wa yake ajiye tiyo a rana, ba ya tsoron ya fashe?"

Mama ta fashe da dariya. Ni kuwa na kasa gane ko kuka zan ci gaba da yi.

"To me ya sa muka taso, Baba?"

Ya juyo ya dube ni. "Ina zaune ƙarƙashin ɓaurensu, gurasarsu na cikin cikina. In suka roƙe ni 'yata a wurin, da wane baki baƙo zai ce wa mai masaukinsa a'a? Amsar da kunya ta sa na bayar ba tawa ba ce. Gobe kuma gwaggonki ta zaga dangi ta ce Larbi ya ba da 'yarsa a bakin kuɗin kwana biyu." Ya ɗaga rasit ɗin da ke hannunsa. "Wuta, ruwa, wurin kwana, duk na nema a sauƙaƙe, kuma ba na jin kunya. Ban da ke. Wannan fili na biya, har jibi gidana ne. Ki gaya masa nan ne gidan su Siham. Mai nema ya zo ya yi sallama kamar kowa."

Ban san sanda na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa ba. Kuka na yi sosai, irin na daɗi, yana buga bayana yana cewa, "Ya isa, ya isa, kina jiƙa mini jallabiya. Kuma ki daina ɓoye azurfar mutane, na gani."

Na rubuta wa Anir: "Fili na sha huɗu, sansanin da ke gaban Mirleft. Gobe bayan la'asar. Ku zo da sukari."

Minti ɗaya, biyu, sannan: "Na zauna a ƙasa."

Sai wani: "Kaka ta ce ku gode mata."

Tunda an biya kuwa, Baba ya ce ba abin da za a bar musu. Mama ta yi wanka da ruwan zafi sau biyu kafin la'asar. Aka jona firji, da wayoyi uku, da dutsen guga, da tocilar da batirinta a cike yake. Labulen mota ma sai da aka cire aka kai injin wanki. Baba ya shiga wanka ya daɗe har Mama ta aike ni in ji ko yana numfashi, na tarar yana rera waƙa.

Washegari muka share fili na sha huɗu, muka shimfiɗa jar dardumar da ke ƙasan gado, Mama ta jera kofunan shayi masu bakin zinariya da ta ɗauko daga gida ba tare da ta gaya wa kowa dalili ba. Na sa kaftanina ruwan hoda, wanda shi ma ban san ta cuso shi a jaka ba. Da na tambaye ta sai ta ce, "Uwa ce ni, ba kujera ba."

Bayan la'asar wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a ƙofa. Mai gadi ya ce baƙi dirhami goma ne kowane mutum. Alhaji Mbarek ya buɗe baki zai fara ciniki, sai ga Baba ya iso da sauri.

"Baƙina ne," ya ce, ya sake kwance robar walat ɗin. Mama ta ce da ta san haka aurar da 'ya ke yi masa, da ta haifi shida.

Ni ina cikin mota ina leƙe ta labulen da aka wanke. Suka shigo a jere, Alhaji a gaba, mahaifiyar Anir da tiren dabino da lalle, Kaka Ijja da sandarta, Anir a baya rungume da curin sukari shida, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Wasu tsofaffin Turawa a fili na sha biyar suka juyo da kujerunsu suna kallo. Aka gaisa kamar ba a taɓa haɗuwa ba. Alhaji ya gyara zama ya ce sun zo ƙofar Si Larbi neman iri, suna roƙa wa ɗansu Anir hannun Siham bisa sunna.

Baba ya jawo curi ɗaya gabansa. Ya warware shuɗiyar takardar a hankali, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, don takarda ma tana da amfani. Ya ɗauki 'yar gudumarsa ta tagulla, ya riƙe ta a sama, sannan ya juyo wajen taga.

"Siham. Na san kina nan, labule ba ya numfashi. Kin amince?"

Da ƙyar na ce, "E, Baba."

"Ban ji ba. Teku na ƙara."

"Na amince, Baba."

Gudumar ta sauka, sukari ya tsage gida biyu. Kaka Ijja ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsaye daga kan katanga, Mama ta karɓa, Turawan nan suka hau tafi ba su san ma me aka yi ba. Anir ya sunkuyar da kai yana dariyar nan tasa, na ga yana goge ido da bakin hannun riga. Baba ya jefa gutsuren a buta, ya ɗaga ta sama ya tsiyaya shayi har ya yi kumfa. Sai ya dubi sauran sukarin ya ƙirga da yatsa.

"Saura biyar. Kenza, kwana biyar ke nan."

"Shida," in ji Alhaji Mbarek. "Rabin wannan ma zai yi, in gidan ƙarami ne."

Ana cikin dariya wayata ta yi ƙara. Ashe Mama, don zumuɗi, ta ɗauki hoton fasasshen sukarin ta tura zauren dangi. Saƙon murya ne daga Gwaggo Zubida, daƙiƙa huɗu, mafi gajarta da ta taɓa aikowa a rayuwarta. Na fito na miƙa wa Baba, ya danna a gaban kowa.

"Ina tashar bas. Kada wanda ya motsa."

Anir ya dube ni, na dubi Mama, Mama ta dubi sama. Baba ya kurɓi shayinsa, ko a jikinsa.

"Ta zo, ai gidana ne har gobe. Sukari dai ya riga ya narke. Ki sanar da ita dirhami goma ne a ƙofa, ni kuma na gama biyan na bana."

Kaka Ijja ta jawo hannuna ta juya awarwaron ta ga ya zauna daidai, sannan ta tambaye ni wace ce Zubida. Na gaya mata. Ta gyara riƙon sandarta ta ce a shimfiɗa mata a nan, ba inda za ta sai ta ga matar. Bas ɗin Meknes da hantsi yake isowa.